Teburin Sakatariya da Kujerar Maigida: Tarihin Mata da Iko a Fina-finan Holiwud

Tafireta da majigi, 1874 zuwa 1927

Kafin mace ta shiga ofis a fim, sai da ta fara shigarsa a zahiri, kuma tafireta ce ta buɗe mata ƙofa. A 1874 kamfanin Remington, wanda aka sani da ƙera bindigogi da kekunan ɗinki, ya fito da keken rubutu na farko da ya samu kasuwa a Amurka. Kafin nan aikin akawu na maza ne. Saurayi yakan fara da kwafe wasiƙu da alƙalami, in ya yi haƙuri wata rana ya zama manaja. Da injin ya zo, masu kamfanoni suka gano cewa 'yan matan da suka gama sakandare za su buga wasiƙun nan da sauri, a kan albashin da magidanci ba zai karɓa ba. Zuwa 1930, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu buga tafireta a Amurka mata ne. Aikin ya koma hannunsu, amma hanyar da take kai akawu kujerar manaja ta tsaya a wajen maza. Wannan rabo, mace a bakin ƙofa da littafin rubutu, namiji a ciki da ikon ɗauka da kora, shi fina-finan Holiwud suka shekara arba'in suna juyawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a farkon sana'ar fim mata sun riƙe iko na gaske. Alice Guy sakatariya ce a kamfanin Gaumont a Faris. Ita ta ce a 1896 ta roƙi maigidanta ya bar ta ta ɗauki ɗan gajeren labari da kyamarar kamfanin, ya yarda bisa sharaɗin kada aikin ofis ya tsaya. Masana tarihi suna jayayya a kan shekarar, amma babu jayayya cewa ta shugabanci shirya fina-finan Gaumont na shekaru, kuma a 1910 ta kafa kamfaninta, Solax, a Amurka. Lois Weber tana cikin daraktocin da suka fi kowa albashi a kamfanin Universal a wajajen 1916. Mary Pickford, wadda ta iya ciniki kamar yadda ta iya wasa, ta haɗu da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists a 1919. Frances Marion kuwa ta rubuta labaran fim masu yawan gaske, har ta ci lambar Oscar sau biyu a farkon shekarun 1930.

Dalilin wannan sarari shi ne sana'ar ba ta da daraja tukuna, kuma ba ta da tsari. Mai iya aiki shi ke yi. Da kuɗi suka shigo a shekarun 1920, bankuna suka zuba jari, aka kasa aiki sashe-sashe, kowane sashe da shugabansa namiji. Fim mai magana ya zo a 1927, kuɗin shiryawa ya ƙaru, ƙananan kamfanonin da mata suka kafa suka durƙushe. Daga nan har 1943, mace ɗaya tak ce ta ci gaba da ba da umarni a manyan kamfanonin Holiwud, wato Dorothy Arzner. Saboda haka duk labarin mace ma'aikaciya da za a ambata a nan gaba, ko da mace ce ta rubuta shi, namiji ne yake da magana ta ƙarshe a kansa.

Fim ɗin da ya fi fito da yanayin wannan zamani shi ne It na 1927. Clara Bow ta fito a matsayin mai sayar da kaya a wani katafaren kanti, ta ɗora ido a kan ɗan mai kantin, ta yi ta dabara har ta same shi. Matan Amurka sun samu 'yancin jefa ƙuri'a a 1920, suna karɓar albashi, suna zuwa sinima da kuɗinsu. Duk da haka ƙarin girman da fim ya yi wa 'yar kanti alkawari shi ne auren maigida.

Shekarun fatara, 1929 zuwa 1934

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe. Zuwa 1933, mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. Masu zuwa sinima suka ragu, kamfanoni suka shiga neman abin da zai jawo su, suka fara nuna abin da kowa ya sani amma ba a faɗa. A cikin shekara guda, 1933, kamfanin Warner ya fito da fina-finai uku da suka kalli ofis ba kunya.

A Employees' Entrance, Warren William ne manajan wani babban kanti. Ya tarar da wata yarinya, Loretta Young, ta ɓuya a cikin kantin da dare don ba ta da wurin kwana. Ya ciyar da ita, ya kwana da ita, sannan ya ba ta aiki. Ya kori wani dattijo da ya daɗe yana yi wa kantin hidima, dattijon ya faɗo ta taga ya mutu. Fim ya ƙare manajan yana kan kujerarsa, domin shi ke kawo riba.

A Female an juya lamarin. Ruth Chatterton ce shugabar kamfanin ƙera motoci. Da rana tana tsawata wa manajojinta, da dare ta gayyaci wani kyakkyawan ma'aikaci gidanta da sunan za su tattauna aiki. In ya wayi gari yana ganin ya samu shiga, sai ta tura shi reshen kamfanin da ke Montreal. Ta yi daidai abin da maza suke yi, masu kallo suna dariya. Amma a mintunan ƙarshe ta bi wani injiniya da ya ƙi ta, ta ce ya karɓi kamfanin, ita 'ya'ya tara take so ta haifa.

Na ukun, Baby Face, shi ya fi tayar da ƙura. Barbara Stanwyck ta fito a matsayin Lily Powers, wadda ubanta yake da haramtacciyar mashaya a garin masana'antun ƙarfe, yana miƙa ta ga abokan cinikinsa tun tana yarinya. Da uban ya mutu ta tafi Niyok, ta tsaya gaban dogon benen wani banki. Ta samu aiki ta hannun jami'in ɗaukar ma'aikata, bayan ta ja shi cikin ofis an rufe ƙofa. Daga nan duk lokacin da ta yi amfani da wani namiji ta wuce shi, sai kyamara ta fita waje, ta hau jikin ginin, ta tsaya a tagar wani sashe da ke sama da na baya: daga sashen ajiye takardu zuwa na jingina, daga can zuwa na lissafi, har gidan shugaban banki. Fim ɗin bai ɓoye cewa Lily tana da kai ba, an nuna ta tana koyon aikin. Abin da ya nuna shi ne, a ginin nan kaifin basira kaɗai ba ya hawa da mace ko hawa ɗaya.

Hukumar tace fina-finai ta jihar Niyok ta ƙi amincewa da shi. Aka yanke wasu wurare, aka canza nasihar da wani tsohon mai gyaran takalma yake yi wa Lily, daga zuga ta ta yi amfani da maza zuwa gargaɗi a kan bin hanya madaidaiciya, aka ƙara ƙarshen da ya mayar da ita garin masana'antun ƙarfe, ba ta da komai. Shekara saba'in ba wanda ya ga na asalin, sai a 2004 aka gano kwafinsa a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka.

Wannan duka ya faru ne a lokacin da ake ganin mace mai aiki ta ƙwace abincin wani magidanci. Dokar tsuke bakin aljihu ta 1932 ta ce in za a rage ma'aikatan gwamnatin tarayya, a fara da wanda abokin aurensa ma yake aikin gwamnati. A takarda dokar ba ta ambaci mace ba, a aikace mata aka fi sallama, kuma sai 1937 aka soke ta. A wata ƙuri'ar jin ra'ayi da Gallup ya yi a 1936, kashi 82 cikin ɗari suka ce bai kamata matar aure ta yi aiki ba in mijinta yana da aiki.

Zamanin almakashi, 1934 zuwa 1941

Tun 1930 kamfanonin fim suka amince da wata ƙa'ida ta ɗabi'a, wadda wani limamin Katolika, Daniel Lord, da wani mawallafi, Martin Quigley, suka tsara, aka kuma fi saninta da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin. Shekara huɗu ba wanda ya bi ta. Sai da cocin Katolika ya kafa ƙungiyar da ta sa mabiya suka yi alkawarin ƙaurace wa fina-finan batsa, sannan a watan Yuli na 1934 aka kafa ofishin tilastawa ƙarƙashin Joseph Breen. Daga ranar, ba fim ɗin da zai shiga manyan gidajen sinima ba tare da hatiminsa ba, wanda ya saɓa kuma tarar dala 25,000 ce. Ƙa'idar ta ce a kare martabar aure, kuma kada mai laifi ya ci riba.

Sakamakon ya zo ta fuska biyu. Maigida mai lalata da ma'aikatansa ya ɓace daga allo, duk da bai ɓace daga ofis ba. A Wife vs. Secretary na 1936, Jean Harlow sakatariya ce mai ƙwazo da kamun kai, Clark Gable maigida ne mai son matarsa, laifin duka na masu tsegumi ne da uwar miji mai zuga. Ta ɗaya fuskar kuwa, da aka hana marubuta nuna jiki, sai suka koma ga baki. Aka samu jarumai mata masu kaifin harshe, 'yan jarida da lauyoyi da sakatarori waɗanda suka fi mazan da ke kansu sanin aiki. A Mr. Smith Goes to Washington na 1939, sabon sanata James Stewart bai san yadda ake rubuta ƙudurin doka ba. Sakatariyarsa, Jean Arthur, ita ta koya masa, kuma ranar da ya tsaya yana dogon jawabi a zauren majalisa, tana can sama wurin 'yan kallo tana yi masa ishara da hannu.

Akwai matan da ko teburin sakatariya fim bai ba su ba. A 1940 kusan kashi 60 cikin ɗari na baƙaƙen mata ma'aikata a Amurka aikatau suke yi a gidajen mutane, kuma nan Holiwud ta ajiye su. A Imitation of Life na 1934, Louise Beavers ce Delilah, mai aikin gida da ta gaji sirrin haɗin wani fanke. Uwar ɗakinta farar fata, Claudette Colbert, ta buɗe shago da wannan fanke, ta koma sayar da garinsa a kwali da hoton Delilah a jiki, ta yi arziki. Aka yi wa Delilah tayin kashi 20 cikin ɗari, marubuta suka sa ta ce ita dai a bar ta ta ci gaba da hidimar gidan. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A wani wuri an nuna su sun yi sai da safe a gindin matakala, ɗaya ta hau sama, ɗaya ta gangara ɗakin ƙasa. Hattie McDaniel, baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940, da rawar baiwa mai hidimar gida ta ci, kuma a daren bikin an zaunar da ita a wani tebur can gefe, nesa da abokan aikinta.

Gwanin wannan zamani shi ne His Girl Friday na 1940. Asalinsa wasan kwaikwayo ne na 1928, The Front Page, inda ɗan jaridar nan Hildy Johnson namiji ne. Darakta Howard Hawks yakan ba da labari cewa wata rana ya sa wata mace ta karanta maganganun Hildy, ya ji sun fi daɗi a bakinta, shi ya sa ya mayar da shi mace. Daga bakinsa aka ji wannan, kuma an san shi da ƙawata labari. Abin da ke kan allo dai shi ne Rosalind Russell a matsayin Hildy, tsohuwar matar editanta Cary Grant, ta zo ta gaya masa ta bar aiki za ta auri wani mai sayar da inshora. Shi kuwa ya san ba shi da ɗan rahoto kamarta, ya yi ta ƙulla makirci har da sa a kama angon. Hildy ta bi wani jami'in kurkuku da gudu a titi ta kayar da shi don ta samu labari, ta ɓoye fursunan da ya tsere a cikin teburin rubutu, ta tona asirin magajin gari. A nan ba a raba ta da aikinta ba. Amma dubi yadda aka rufe: sun shirya sake aure, ta ce wannan karon lallai sai sun je hutun amarci, sai waya ta zo cewa ana yajin aiki a Albany, ya ce su bi ta can. Ya wuce gaba, ta biyo shi tana rungume da akwatinta.

Yaƙi da bayansa, 1941 zuwa 1945

Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, maza suka tafi fagen daga, masana'antu suka buɗe wa mata ƙofa. Yawan mata ma'aikata ya tashi daga kimanin miliyan 12 a 1940 zuwa kimanin miliyan 19 a 1945. Suka yi walda, suka haɗa jiragen sama. Hoton nan na mace da ɗankwali ja tana nuna damtse, mutane da yawa suna ɗauka da shi gwamnati ta kira mata aiki. Abin da takardu suka nuna shi ne kamfanin Westinghouse ne ya liƙa shi a masana'antunsa na mako biyu a 1943, kuma bai yi suna ba sai a shekarun 1980.

Wata biyu da shiga yaƙin aka saki Woman of the Year. Katharine Hepburn ce Tess Harding, marubuciya kan siyasar duniya mai jin harsuna da yawa, wadda sakatarenta ma namiji ne. Ta auri marubucin wasanni na jaridarsu, Spencer Tracy, auren ya yi tsami don ba ta da lokacinsa. Ƙarshen da aka fara ɗauka bai yi wa 'yan kallon gwaji daɗi ba, aka sake wani. An ruwaito cewa masu kamfanin sun ce matan gida suna bukatar su ga wannan gwanar ta kasa wani abu da su suka iya. A sabon ƙarshen Tess ta lallaɓa kicin da asuba don ta yi wa mijinta karin kumallo. Kofi ya tafasa ya zube, ƙullu ya kumbura ya malalo daga cikin injin gashi, burodi yana tsalle daga na'ura tana tarewa, mijin yana tsaye yana kallo. Minti kusan goma ana yi wa macen da ta yi hira da shugabannin ƙasashe dariya a kan ƙwai. Mijin ya ce bai nemi ta bar aikinta ba, amma darasin ya riga ya shiga.

A bayan kyamara kuwa, jaruman nan ma'aikata ne da ke ƙarƙashin kwantiragin shekara bakwai. In jaruma ta ƙi rawar da aka ba ta, a dakatar da ita ba albashi, sannan a ƙara kwanakin dakatarwar a ƙarshen kwantiragin. Bette Davis ta gudu Ingila a 1936, Warner ya kai ta kotu a Landan ya yi nasara. Olivia de Havilland ta gama shekarunta bakwai a 1943, aka ce saura wata shida. Ta kai ƙara, a Disamba 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ce shekara bakwai ta kalanda ce, ba a ƙara ko kwana. Hukuncin ya amfani maza da mata, kuma yana cikin abubuwan da suka fara sassauta riƙon da kamfanoni suka yi wa 'yan wasa.

Da yaƙi ya zo ƙarshe, binciken da sashen mata na ma'aikatar ƙwadago ya yi ya nuna kusan uku cikin huɗu na matan da ke aiki a garuruwan masana'antun yaƙi suna so su ci gaba. Amma sojoji suna dawowa, aka shiga sallama. A daidai wannan kaka ta 1945 aka saki Mildred Pierce. Joan Crawford ta rabu da mijinta marar aiki, ta fara da raba abinci a gidan cin abinci, ta koyi sana'ar, ta buɗe nata, ya zama rassa. Sai fim ya bi ta da hukunci ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar 'yarta ta kamu da ciwon huhu ta mutu a lokacin da uwar ta tafi shaƙatawa da wani. Babbar ta tashi da raina sana'ar uwar, ta yi lalata da mijin uwar na biyu, ta harbe shi. Kasuwancin ya salwanta. A littafin James M. Cain na 1941 da aka ɗauko labarin babu kisan kai, a fim aka ƙara shi. Da gari ya waye Mildred ta fito daga ofishin 'yan sanda, mijinta na farko yana jiranta, suka wuce wasu mata biyu da ke durƙushe suna goge daɓe.

Ofishin gilashi, 1946 zuwa 1959

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Adam's Rib na 1949, wanda mata da miji, Ruth Gordon da Garson Kanin, suka rubuta, ya haɗa Hepburn da Tracy a matsayin lauyoyi ma'aurata da suka tsaya a ɓangarori biyu na shari'a guda. Wata mata ta harbi mijinta da ta kama da farka. Hepburn ta tambayi masu taya alƙali hukunci: da namiji ne ya yi haka don kare gidansa, da wane ido za ku dube shi? Ta yi nasara, kuma fim ya ƙare ba ta ajiye aikin lauya ba. A shekarar ce kuma jaruma Ida Lupino ta karɓi ragamar wani fim da daraktansa ya kwanta ciwon zuciya, ta ci gaba da ba da umarni a ƙaramin kamfanin da ta kafa da mijinta.

Amma akasarin fina-finan ofis na shekarun 1950 na maza ne masu kwat. A Executive Suite na 1954 shugaban kamfanin kujeru ya faɗi ya mutu a titi, mataimakansa biyar suka shiga kokawar gado. Mata suna nan, kowace da gurbinta: sakatariyar marigayin, wadda ta san sirrin kamfanin fiye da kowa, ita ke rubuta abin da aka tattauna, wata sakatariyar farkar maigidanta ce, da ita aka yi masa barazana, 'yar wanda ya kafa kamfanin, Barbara Stanwyck, tana da hannun jari da ƙuri'a, amma ba wanda ya kawo sunanta a cikin masu neman kujerar. A Woman's World na shekarar, mai kamfanin motoci ya gayyaci mutum uku da matansu Niyok, don ya auna matan kafin ya zaɓi babban manaja. Zaman matar manaja ya zama aikin kamfani wanda ba a biya.

Desk Set na 1957 ya kawo sabon abokin gaba. Hepburn ce shugabar sashen bincike na wani gidan talabijin, ita da mata uku suna amsa kowace tambaya ta waya, yawanci da ka. Shekara bakwai tana jiran maigidanta ya aure ta, tana duba masa lissafin rahotonsa, shi ake ƙara wa girma. Sai aka kawo kwamfuta mai cika ɗaki, matan suka ɗauka korarsu za a yi. Injin sashen albashi ya rikice ya aika wa kowa takardar sallama, har shugaban kamfanin. An sasanta a kan cewa injin taimako ya zo yi.

The Best of Everything na 1959, daga littafin Rona Jaffe, ya dawo da abin da aka ɓoye tun 1934, amma da murmushi. A kamfanin buga littattafai, wani babban edita yana mintsinin 'yan matan ɗakin tafireta, ana ɗaukar abin halin tsufa. Mace ɗaya da ta kai matsayin edita, Joan Crawford, an zana ta mai ɗacin rai, tana soyayya da mijin wata, tana gallaza wa na ƙasa da ita. Ta bar aiki ta yi aure, ta dawo ta ce lokaci ya ƙure mata. Ita ce gargaɗin da aka kafa wa yarinyar da ke hawowa.

Mabuɗi da doka, 1960 zuwa 1986

A lokacin nan ƙarfin masu tacewa ya ragu. Hukuncin kotun ƙoli na 1948 ya tilasta wa manyan kamfanoni rabuwa da gidajen sinimarsu, talabijin ya kwashe 'yan kallo, hatimin ofishin tacewa ya daina tsorata kowa. A 1960 Billy Wilder ya fito da The Apartment. Jack Lemmon ne Baxter, akawu a hawa na 19 na wani kamfanin inshora mai ma'aikata 31,259, a tebur mai lamba 861. Don ɗakin ya yi kamar ba shi da iyaka, mai tsara dandali Alexandre Trauner ya jera tebura suna ƙanƙancewa zuwa baya, ya zaunar da ƙananan mutane a can ƙurya. Baxter yana ba manajoji huɗu aron mabuɗin ɗakinsa su kai 'yan matansu, shi yana yawo a cikin sanyi, su kuma suna rubuta masa shaidar ƙwazo. Sai shugaban sashen ma'aikata, Sheldrake, ya karɓe mabuɗin don kansa.

Wadda yake kaiwa ita ce Fran, Shirley MacLaine, mai tuƙa lif, wadda ta so aikin tafireta ta faɗi jarrabawa. A bikin Kirsimeti sakatariyar Sheldrake ta bugu ta lissafa mata matan da suka riga ta, har da ita kanta, duka da alkawari ɗaya na zai saki matarsa. A daren ya miƙa wa Fran takardar dala ɗari a matsayin kyauta, ya tafi gida wurin iyalinsa. Ta sha ƙwayoyin barci, likitan da ke maƙwabtaka ya ceto ta. Sheldrake ya kori sakatariyar, ita kuma ta je ta gaya wa matarsa komai. A ƙarshe Baxter ya ƙi ba da mabuɗin, ya ajiye aiki, Fran ta bi shi. Sheldrake yana nan a ofishinsa na hawa na 27. Fim ɗin ya ci Oscar biyar, har da na gwarzon fim, kuma ya nuna cewa ƙaramin ma'aikaci namiji ma saye ake yi, sai dai shi da ƙarin girma ake biyansa.

Game da Holiwud kanta, an daɗe ana raɗe-raɗin abin da wasu masu kamfanoni suke nema a wurin 'yan mata kafin su ba su rawa. Yawancin labaran ba su je gaban alƙali ba. Wasu matan sun faɗa da bakinsu bayan shekaru, kamar Tippi Hedren, wadda ta rubuta a littafinta na 2016 cewa Alfred Hitchcock ya matsa mata, da ta ƙi ya riƙe ta da kwantiragi ya dakushe sana'arta. Wasu da suka yi aiki da shi sun musanta, shi kuma ya mutu tun 1980.

Doka ta biyo baya a hankali. A 1963, lokacin da mace mai cikakken aiki take samun kimanin santi 59 a kan kowace dalar namiji, aka yi dokar daidaita albashi. A 1964 dokar 'yancin jama'a ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki, har da na jinsi. Ana yawan cewa ɗan majalisa Howard Smith na Virginia ya cusa batun jinsi ne don ya kashe ƙudurin, tunda mai goyon bayan wariyar launi ne. Tarihi ya tabbatar da adawarsa da ƙudurin, ya kuma tabbatar da cewa ya daɗe yana goyon bayan masu neman daidaita haƙƙin mata, kuma 'yar majalisa Martha Griffiths ta tsaya tsayin daka har gyaran ya wuce. A 1968 aka yi watsi da tsohuwar ƙa'idar tacewa, aka koma rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo.

Matan ofis suka fara haɗa kai. A 1973 wasu sakatarori a Boston suka kafa ƙungiyar 9to5, kuma daga labaran irinsu Jane Fonda ta samo fim ɗin 9 to 5 na 1980, inda ita da Lily Tomlin da Dolly Parton suka tsare maigidansu a gidansa, suka gudanar da ofis da sunansa, suka kawo wurin renon yara da sassaucin lokacin aiki, aiki ya ƙara kyau. Kotun ƙoli ba ta ce komai a kan maigida mai neman ma'aikaciyarsa ba sai a 1986, a shari'ar Mechelle Vinson, wata baƙar fata ma'aikaciyar banki a Washington da ta kai ƙarar manajanta. Alƙalai suka yanke cewa irin wannan matsi nuna bambanci ne da dokar 1964 ta hana, kuma abin tambaya shi ne ko macen ta so abin, ba ko ta ba da kai don tsoron rasa aiki ba. Shekara 53 ke nan bayan 'yan kallo sun ga manajan Employees' Entrance ya yi haka ya kwana lafiya. Kujerar darakta kuwa, wadda mata suka kusan rasa baki ɗaya tun zuwan fim mai magana, ta fi jinkirin dawowa: sai a 2010 mace ta fara cin Oscar na ba da umarni, wato Kathryn Bigelow.